Mma, Na Iso Madina Lafiya

Ranar Juma'a da ƙarfe biyu da kwata, mutane na fitowa daga masallaci, aka kira Insfekta Tajudeen a waya aka ce an kashe Mashud mai gyaran kwamfuta a shagonsa na unguwar Nima, cikin birnin Ankara.

Insfekta ya ture kwanon wake da shinkafar da bai ci rabinsa ba. Haifaffen Nima ne, shekararsa ashirin da shida yana aikin ɗan sanda, kuma abu biyu ne ba ya shiri da su a duniya: kwamfuta, da mai kuka da ƙarfi a gaban gawa. Ranar nan duka biyun suna jiransa.

Shagon ɗan ƙarami ne, an sauke ƙofar ƙarfensa rabi. Mashud na kwance rub da ciki a bakin ƙofar baya, hannun rigarsa a naɗe, buta a kife kusa da shi. Alwala yake yi aka buge shi da ƙarfe a ƙeya, bugu ɗaya tak.

Insfekta ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Mutum ba ya juya wa baƙo baya ya sunkuya alwala a shagon da ke cike da kayan mutane. Wanda ya yi wannan aiki, Mashud ya san shi, ya kuma yarda da shi.

Kwamfutocin masu gyara guda tara suna jere a kanta, ba a taɓa ko ɗaya ba. Wayar mamacin na kan tebur. A gefenta wata igiyar caji na lilo, ba komai a bakinta.

"Me ke zama a nan?" in ji Insfekta.

Wani dattijo ne ya amsa daga bakin ƙofa, yana share hawaye da hularsa. Sunansa Usaini, direban motar ɗaukar kaya, abokin marigayi mahaifin Mashud. Tun isowar Insfekta kukansa ya fi na kowa.

"Laftof nashi ne, Massa. Baƙi, tsoho. Ko ina zai je yana cikin jaka a kafaɗarshi."

"Yaushe ka ga Mashud na ƙarshe?"

"Jiya. Yau na shimfiɗa mishi darduma kusa da ni a masallaci kamar kowace Juma'a, yaro bai zo ba. Yaron da sati biyu suka rage ya tafi Makka! Wayyo Allah, ɗana!"

Insfekta ya rubuta, ya sa wayar mamacin a leda, ya rufe ta da fil. Ɓarawon da ya bar sababbin kwamfutoci tara ya ɗauki tsohuwa ɗaya, ba sata ce ta kawo shi ba.

Likita ya saki gawar ranar Asabar da safe, aka binne Mashud kafin azahar. Motar Usaini ce ta kai shi maƙabarta.

Da la'asar Insfekta ya je gaisuwa gidan mahaifiyar mamacin, Hajiya Zuera, wadda rabin Nima suka girma da kokonta da ƙosanta. Ya tarar da gidan a hargitse. Mata na salati, wata ta suma ana yayyafa mata ruwa, maza sun bar tabarmin zaman makoki sun cika tsakar gida.

Hajiya kaɗai ce ba ta kuka. Tana zaune a bakin gado, waya a tafin hannunta, idonta a bushe.

"Tajudeen, matso," in ji ta. Ita ta san shi tun yana zuwa sayen koko da kwano a ka, ba ruwanta da igiyoyin kafaɗarsa. "Matso ka ji abin da ya shigo mini."

Ta danna. Muryar namiji ta fito, mai fara'a, kamar yana bakin ƙofa.

"Salamu alaikum, Mma. Na iso Madina lafiya."

Insfekta ya miƙa hannu. Ya karɓi wayar ya duba. Saƙon murya ne daga Mashud, ya shigo yau, ƙarfe uku da minti arba'in. Awa huɗu ke nan da binne shi.

"Ya saba turo miki irin wannan?"

"Kullum. Ubansu mota ta kashe shi a hanyar Kumasi, kwana uku ban sani ba, ina ajiye mishi tuwo. Tun ranar na ce duk ɗan da na haifa, in ya isa wuri ya gaya mini. Cikinsu Mashud ne kawai bai taɓa mantawa ba. In ya isa shago zai ce na iso shago. In ya koma ɗakinshi a unguwar Maamobi zai ce na iso gida."

"Madina fa?"

"Rabonshi da ce mini Madina tun da suka rufe shagonsu na unguwar Madina, nan gefen gari, bara."

Kafin Insfekta ya sake magana, wani ƙato ya kutso ɗakin. Abass ne, wan Mashud, mahauci, idonsa jajir.

"Massa, me kake tambaya kuma? Wa muke da shi a Madina? Kadiri! Shi ya kashe shi, yanzu yana wasa da tsohuwa!"

"Wane ne Kadiri?"

Usaini ne ya amsa daga bayan Abass. Ya sauya kaya, yana sanye da farar riga mai tsabta.

"Abokin aikinshi ne a shagon Madina. Sun rabu ba daɗi. A gaban jama'a, wajen wani suna, Kadiri ya ce sai ya ga bayanshi. Ni ban ce komai ba fa. Amma in da ni ne wan yaron nan, ba zan kwana da wannan baƙin cikin ba."

Insfekta ya dubi dattijon, ya dubi Abass. Ya fita ba sallama, ya ce wa direbansa ya kunna jiniya, sai Madina.

Cunkoson hanyar Madina ba ya jin jiniya, amma duk da haka sun riga su Abass da minti goma. Kadiri na zaune a ɗakinsa da ke bayan tsohon shagon, wanda yanzu ya koma wurin sayar da taliya da man gyaɗa. Siriri ne mai tabarau. Ana saka shi a motar 'yan sanda sai motocin haya biyu, trotro, suka tsaya, samarin Nima suka diro da sanduna, Abass a gaba da wuƙar fawa a cikin jarida.

Abass ya dafa gilashin motar ya leƙo.

"Massa, na san doka. Awa arba'in da takwas kake da su, ko ka kai shi kotu ko ka sake shi. Litinin za mu yi addu'ar uku. Ana shafa fatiha zan zo in zauna a ƙofar ofis naka. Wallahi ranar da ya taka waje, ranar zan kai wa Mma labari mai daɗi."

Ba barazana ce ta fatar baki ba. Insfekta ya san mahautan Nima, ya kuma san cewa ba shi da abin da zai kai Kadiri kotu da shi. An caje ɗakinsa tas, ba laftof, ba ƙarfe, ba jini. Idan Litinin ta yi bai samo mai laifin ba, da hannunsa zai buɗe wa mutumin nan ƙofa ya miƙa shi ga wuƙa.

Ranar Lahadi da safe ya sa aka kawo Kadiri ofishinsa.

"Ina kake ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya?"

"Madina."

"Yaushe rabonka da Nima?"

"Ya fi wata shida."

Insfekta ya buɗe littafinsa a hankali. "Mai sayar da lemu a bakin layin shagon ta ce ta ga siriri mai tabarau ya tsaya a ƙofar Mashud ana kiran sallah na biyu. Siraran masu tabarau suna da yawa a Ankara, na sani. In kira ta?"

Kadiri ya cire tabaraun.

"Na je, Massa. Tsoro ya sa na yi ƙarya. Na je na ga ƙofa a sauke rabi, na ce ya tafi masallaci, na juya."

"Me ya kai ka wurin mutumin da ka ce sai ka ga bayansa?"

"Shi ya fara zuwa wajena. Ka san mai tafiya Makka, yana bin mutane gida-gida yana neman gafara. Ran Talata ya zo Madina ya ce in yafe mishi. Ni da taurin kai na ce zan yi tunani. Juma'a na je in ce mishi na yafe." Ya mayar da tabaraunsa. "Ban samu na faɗa mishi ba."

"Me ya raba ku?"

"Ni in an kawo waya a buɗe, ina buɗewa, ba na tambayar ta wa ce. Shi kuwa sai ya tambaya har kakan mai ita. Ya ce ba zai haɗa shago da ni ba."

Insfekta ya kunna masa saƙon, wanda ya sa aka kwafo daga wayar Hajiya. Ya zaci mutumin zai firgita. Maimakon haka Kadiri ya yi wani murmushi mai ciwo.

"Ei, Mashud! Har yanzu abin nan yana aiki?"

"Wane abu?"

"Massa, ba shi ba ne yake turawa. Laftof ne."

"Yi mini bayani kamar kana yi wa kakarka. Ni da kwamfuta ba ma ga maciji."

Kadiri ya gyara zama. An zo fagensa.

"Mashud wuri uku yake aiki: shagon Nima, ɗakinshi na Maamobi, da shagon Madina. Kowane wuri da rauta nashi, wato ɗan akwatin nan mai ba da intanet. Kowane wuri saitin daban, firinta daban, lambobi daban. Duk inda ya je sai ya zauna yana canja saiti, abin ya ishe shi. Sai ya rubuta wa laftof ɗin umarni. Da an buɗe murfi, zai duba wane rauta ne a kusa, ya canja komai da kanshi ya dace da wurin."

"Muryar fa?"

"Mantuwa gare shi paa, ba kaɗan ba. Mma tana fushi in bai kira ba. Sai ya ɗauki muryarshi kala uku ya haɗa da saitin. In laftof ya ga rauta na shago, ya tura na shago. In ya ga na Madina, ya tura na Madina. Sau ɗaya a rana ga kowane wuri. Ni kaɗai na sani, ya ce in na gaya wa Mma ba shi ba ni."

"Sai an sa kalmar sirri?"

"A'a. Ɗaga murfi kawai ya isa."

Insfekta ya jingina da kujera. Ya tuna da tsohuwar da ke alfahari da ɗan da bai taɓa mantawa ba. Sannan ya koma kan aiki.

"To, ka ɗaure kanka ke nan. An buɗe shi a Madina, kai ne a Madina."

"Massa, laftof bai san Madina ba. Bai san gari ba, bai san titi ba. Akwatin kawai ya sani. Ko Tamale ka kai akwatin nan ka jona, in ya gan shi zai ce ya iso Madina."

Insfekta ya ajiye biro.

"Ina akwatin yake yanzu?"

"Ban sani ba. Da muka rufe shago bara, aka kwashe komai a mota ɗaya. Masu kyau Mashud ya karɓa, sauran ya ce a kai wa masu tsohon ƙarfe a Old Fadama. Rautan yana cikin sauran, eriyarshi ɗaya ta karye."

"Motar wa?"

"Baaba Usaini."

Insfekta ya jawo aljihun tebur ya fito da ledar nan mai wayar mamacin. Tun Juma'a ba ta yi ko tari ba.

"Wannan ma ta san akwatin?"

"Ta sani. Mashud ba ya sayen data, yana cewa mai waifai uku, wato intanet na rauta uku, ba ya ɓarnar kuɗi. Duk inda ta ji ɗaya a cikinsu za ta kama da kanta."

Insfekta ya sa aka yi wa wayar caji har ta cika. Ran nan dai ya ji ya fara ganin mutuncin kwamfuta, ko da yake bai gaya wa kowa ba.

Bai tafi gidan Usaini kai tsaye ba. Sai da ya biya ta masallacin ya sami ladan yana sharar harabar.

"Malam, ranar Juma'a a ina Usaini direba ya zauna?"

Ladan ya dogara da tsintsiya yana tunani. "Usaini? Wurinshi sahu na biyu ne, shekara da shekaru. Amma Juma'ar nan ban gan shi a can ba. Da aka sallame na hango shi a waje, can bakin titi wajen masu zuwa a makare, ko darduma ba shi da ita, a kan kwali ya yi sallah."

Ƙarya ɗaya ke nan. Insfekta ya koma ofis ya sa aka tono masa duk wata takarda mai sunan gidan Usaini. Fayil ɗaya aka samu, na shekara huɗu baya. Fawaz Usaini, ɗan shekara ashirin da uku, laifin sakawa, wato damfarar mutane ta intanet. Wata wasiƙa marar suna ce ta tona shi. An ɗaure shi shekara biyar, ciwo ya kashe shi a kurkuku a shekara ta biyu. A wurin sana'a an rubuta cewa ya taɓa koyon gyaran kwamfuta a Nima.

Insfekta ya rufe fayil ɗin. Ruwa ba ya tsami banza.

Litinin da safe aka yi addu'ar uku. An raba waina da goro, liman ya yi wa'azin haƙuri, Abass yana jinsa da kunne ɗaya, jaridarsa a naɗe a ƙarƙashin cinya. Ana shafa fatiha ya miƙe.

Insfekta ya tare shi a bakin rumfa.

"Ƙofar ofis ba za ta gudu ba. Ba ni awa ɗaya. Ka ɗauko Hajiya da wayarta, ku biyo ni Maamobi."

"Me za mu yi a Maamobi?"

"Za mu je Madina."

Abass ya dube shi kamar mai taɓin hankali, amma ya bi.

Gidan Usaini na can Maamobi cikin lungu, inda mota ba ta shiga, sai an tsallaka kwata biyu. Gidan haya ne mai ɗakuna takwas. Sun tarar da shi bai daɗe da dawowa daga addu'ar ba, yana zaune a benci a ƙofar ɗakinsa. Da ya ga Hajiya ya yi wuf ya miƙe ya ba ta wurin zama. Wani kofur da kuratan 'yan sanda biyu suka tsaya a zaure.

"Baaba Usaini, 'yar tambaya ce," in ji Insfekta. "Kayan shagon Madina da ka kwashe bara, ina ka kai su?"

"Old Fadama, Massa. Duka."

"Ba ka rage komai ba?"

"Me zan yi da tarkacen kwamfuta? Ni ko karatun boko ban yi ba."

"Ranar Asabar da ƙarfe uku da minti arba'in, kana ina?"

"Na zo gida canja riga. Ƙasar kabari ta ɓata mini kaya. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne."

Insfekta ya sa hannu a aljihu ya fito da ledar, ya kunna wayar mamacin, ya ajiye ta a kan benci tsakaninsa da Hajiya. Kowa ya zuba mata ido. Ba a ji komai ba sai kukan wata akuya a bayan gida.

Sai wayar ta yi ƙara. Ta sake yi. Ta shiga yi ba tsayawa, tana rawa a kan katako, saƙonnin kwana uku suna zubowa a jere.

"Wayar nan ba ta da data," in ji Insfekta. "Wuri uku kawai take magana a duniya. Nan ba shagonsa ba ne, ba kuma ɗakinsa ba ne. Kofur, shiga."

Rautan na saman kabad, kusa da talabijin, fitilunsa na ƙiftawa, eriya ɗaya a ɗaure da salatif. A ƙasansa an manna takarda da rubutun Mashud: MADINA, da kalmar sirri. Usaini ya sa masa sabon layi yana kallon wa'azi da ƙwallo da shi, bai taɓa sanin ana sauya wa irin wannan abu suna ba.

"Tsohon akwati ne da za a yar," in ji Usaini. "Na ɗauka, na yarda. A ɗaure ni a kan akwati."

Kofur ya sake fitowa. Wannan karon da jaka baƙa, wadda ya zaro daga cikin buhun gari a bayan ƙofa, da kuma sifanar taya da aka wanke aka naɗe a tsumma.

Insfekta ya zaro laftof ɗin ya ɗora a cinyarsa.

"Hajiya, riƙe wayarki da kyau."

Ya ɗaga murfin. Allon ya kawo haske yana neman kalmar sirri. Ba wanda ya taɓa komai. Numfashi uku, huɗu, sai wayar da ke hannun tsohuwar ta yi ƙara. Ta danna da babban yatsa.

"Salamu alaikum, Mma. Na iso Madina lafiya."

Usaini ya zame ya zauna a ƙasa. Abass ya yi kukan kura, kuratan biyu suka riƙe shi da ƙyar, jaridar ta faɗi, wuƙar ta yi ƙara a kan siminti. Insfekta ya take ta da takalmi.

"Saura kaɗan ka yanka marar laifi da wannan," ya ce masa. "Kuma wanda ya wasa maka ita, ga shi nan zaune."

Hajiya ba ta ɗaga murya ba.

"Usaini. Kai ka yi wa yaron nan huɗuba a kunne ranar da na haife shi, ubanshi yana kan hanya. Me ya yi maka?"

Dattijon ya ɗago. Hawayen nan na kwana uku babu ko ɗigo, fuskarsa ta koma wata iri.

"Tambaye shi abin da ya yi wa Fawaz. Ɗa ɗaya Allah ya ba ni, Zuera. Ɗaya! Shekara huɗu ina neman wanda ya rubuta wasiƙar nan. Na bi malamai, na yi azumi, na roƙi Allah ya nuna mini shi kafin in mutu. Ashe yana cin tuwo a kwanona. Ran Laraba ya zo nan, ya durƙusa a inda kike zaune, wai zai tafi Makka, in yafe mishi. Wai ya ga abin da Fawaz yake yi wa wata tsohuwa a cikin laftof da ya kawo gyara, ya yi mishi faɗa sau uku bai ji ba, shi ne ya rubuta. Wai bai san zai mutu ba."

"Me ka ce masa?" in ji Insfekta.

"Na ce na yafe. Har na sa mishi albarka." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Shi ya je Makka ya dawo fes kamar jariri, nawa yana cikin ƙasa? Ban yi barci ba har Juma'a. Na san lokacin da layin yake zama ba kowa. Na shiga, ya ce Baaba jira ni in yi alwala mu tafi tare. Ya juya."

"Laftof ɗin fa?"

"Ya ce a kanshi ya rubuta wasiƙar. Ina so a karanta mini ita, in ji kalmomin da suka kashe mini yaro, sannan in farfasa shi. Na buɗe, ya ƙi ni, na rufe. Na dawo gidan makoki na tarar wai gawa ta yi magana." Ya dubi na'urar da ƙiyayya. "Ko a kabari bai daina kai ƙara ba."

"Kadiri kuma? Me ya yi maka da ka tura masa mahauci?"

"Shi ya fara koya wa Fawaz buɗe wayoyin mutane. Da sun tafi tare, da na huta."

"Kana nadama?"

"Na rama. Ko yau aka dawo da shi zan sake."

Insfekta ya yi wa kofur alama, aka sa masa ankwa. Ya kira ofis ya ce a ba Kadiri kayansa da takalmansa, a kai shi gida a mota. Abass na tsugune a jikin bango, kansa a tsakanin gwiwoyi, ya kasa kallon kowa.

Hajiya ta riƙo hannun rigar Insfekta.

"Tajudeen, gaya mini gaskiya. Duk shekarun nan, ƙarfen nan ne yake gaishe ni?"

Insfekta ya nemi ƙaryar da zai yi mata, bai samu ba.

"Shi ne, Hajiya. Ya san yana da mantuwa, kuma ba ya so ki zauna cikin zullumi. Shi ya sa ya haɗa."

Ta jinjina kai a hankali. "Ɗan banza mai wayo," ta ce. "To, ai ya gaya mini inda ya isa."

Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta tsaya a gaban Usaini har sai da ya dube ta.

"Ɗana ya durƙusa maka ya nemi gafara, ka ba shi ta ƙarya. Ni ba na ƙarya. Ban yafe ba, Usaini. Duniya da lahira ban yafe ba."

Aka tasa shi gaba. Daga gidan zuwa bakin titi inda motar 'yan sanda take tafiyar minti bakwai ce a cikin lungu, kuma labari ya riga su fita. Mata sun fito ƙofar gidaje, masu shaguna sun bar ciniki.

Hajiya Zuera ta bi bayansa taku da taku, da ciwon gwiwarta, ta ƙure ƙarar wayar ta ɗaga ta daidai ƙeyarsa. Muryar na ƙarewa ta sake dannawa. Usaini ya so ya toshe kunne, ankwa ta hana shi.

Kofur ya dubi Insfekta ko zai hana ta. Insfekta ya kau da kai, ya ma rage sauri don tsohuwar ta iya bin su.

Har aka tura shi cikin mota aka rufe ƙofa ba ta sauke hannu ba. Ta manna wayar a jikin gilashin motar ta danna.

"Salamu alaikum, Mma. Na iso Madina lafiya."